Abin da Aka Daka a Turmin Tunkiya

Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa a Nasarawa Burkullu yake kira Kaka Tumba, ba ta fara tatsuniya sai gero da dawa sun shiga rumbu. Da damina, in ji ta, yaron da ya wuni a gona barci yake bukata. Saboda haka labaranta duk a lokacin sanyi na ji su, bayan sallar isha'i, a ƙofar ɗakinta, inda ake tara karan dawa a hura wuta. Takan ajiye ƙwaryar gyaɗa a tsakiyarmu, kuma wanda hannunsa ya daina ɓara ba shi da izinin yin tambaya.

Yaya Lawali, babban wanmu, shi ke kama wurin da ya fi ɗumi. Ni ne ƙarami a cikin maza, kuma ni take tsokana da wasan jika.

"Maigida, yau ma hannu banza kat taho? Wane irin miji nis samu, ko ɓarin goro babu?"

"Kaka, ai na sake ki tun jiya."

"To tashi man bisa tabarma, ba ni zama da baƙon namiji."

Sai an gama dariya take gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe daga nesa." Mu kuma mu amsa, "Ta iso, mun share mata wuri."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Tunkiya. A garin dabbobi, Tunkiya kaɗai ke da turmi, na itacen ƙirya, wanda ta gada daga uwarta. Kowa a nan yake daka, kuma ba ta taɓa hana kowa ba. Wata rana Zakara ya zaga gari yana shela cewa Giwa, wadda ita ce alƙaliya, ta hana daka magimfa a cikin gari, wato ganyen nan da ake zubawa a tafki kifi ya bugu ya taso. Tunkiya ta ji hayaniyar daga ɗaka amma ba ta fito ba. Ta ce wannan shelar masunta ce, ita ba ta cin kifi.

Bayan kwana biyu Dila ya yi sallama da dunƙulen kanwa a hannu. Kaka takan tsaya a nan ta lashe leɓe, don mu ga yadda Tunkiya take son kanwa. Dila ya ce aron turmi yake so na yini guda. Ta karɓi kanwa, ya ɗauki turmi. Da yamma ya dawo da shi a wanke tas, har ya fi yadda ya tafi tsabta. Washegari Zabuwa ta daka wa 'ya'yanta gero a ciki. Kafin azahar duk sun kwanta, biyu ba su tashi ba. Dila kuwa ya riga ya ƙetare gulbi da kwandon kifinsa.

Wurin shari'ar shi ne inda Kaka take canza murya, ta yi ta Giwa da kauri, ta Tunkiya da rawa.

"Giwa tac ce, 'Tunkiya, turmin wa?' Tac ce, 'Nawa na, ranki shi daɗe.' 'Mi anka daka ciki?' 'Wallahi ban sani ba.' Giwa tac ce, 'Ban tambaye ki abin da kinka sani ba. Da yaz zo da kanwa, kin tambaye shi mi zai daka?' Tunkiya tas sunkuyar da kai."

Aka fasa turmin aka yi makamashi da shi. Tun daga ranar, in ji Kaka, tunkiya take tafiya kai a sunkuye, tana shinshina duk abin da ta tarar kafin ta taɓa.

Ranar da na fara jin labarin ban yarda da hukuncin ba. Na ce zalunci ne, Dila ne mai laifi. Kaka ta ce, "Maigida, ina Dila?" Na ce ya gudu. Ta ce, "To ina turmi?" Na ce yana gidan Tunkiya. Ta ce, "Ci gaba da ɓarar gyaɗakka." Yaya Lawali ya yi dariya ya ce da shi ne Tunkiya, buhun kanwa zai nema, tun da dai za a fasa turmin.

Shekaru sun tafi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana injin niƙa a Anka, wanda ya girma ya zama ƙaramin kamfani mai rajista: muna niƙa wa matan unguwa, muna kuma ɗura garin masara da na dawa a buhu ana kaiwa har Gummi. Mu huɗu ne masu shi. Yaya Lawali ke tafiyar da aikin yau da kullum, kuma ya iya. Ni 'yan'uwana suka ɗora wa shugabanci bayan na bar aiki na dawo gida. Ƙa'idarmu guda ce mai ƙarfi: babu wanda zai sayar ko ya ba da hayar kayan kamfani shi kaɗai.

Wata Asabar Yaya Lawali ya kira ni ya ce ya samo mana alheri. Wasu mutane masu sana'ar zinariya suna son hayar filin da ke bayan injinmu, da tsohon injin da muka ajiye, su riƙa niƙa duwatsu. Ya riga ya yi musu alkawari.

Babu ɗan ƙasar Anka da zai ce bai san abin da ya faru a Dareta da ƙauyukan kusa ba, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya mai gubar dalma ta shiga gidaje ta kashe yara. Yaya Lawali ya sani kamar yadda na sani, kuma ba mugun mutum ba ne. Hujjarsa ita ce wancan karon a injin hatsi aka niƙa duwatsu, a tsakar gida. Wannan kuwa inji daban, fili daban, ga katanga a tsakani.

"Mu haya kawai muka bayar, Bala. In wani abu ya taso, su za a kama."

"Yaya, su daga ina suke?"

"Oho. Wani ya ce Neja, wani ya ce Kabi. Ina ruwanka da garinsu?"

"In an zo kamu, ina za a same su?"

"Kai dai ka cika tsoro. Tun kana yaro ba ka tsallake kwata sai ka auna ta."

Na ce a kira su mu zauna, tare da 'yan'uwanmu mata biyu, tun da su ma da rabonsu a ciki. Kafin zaman na je na ga wata lauya a Gusau, domin dokar ma'adinai a jiharmu ta sha juyawa: an hana haƙa, an daɗe a haka, daga baya an ɗage. Abin da mutum ya sani bara ba lalle ya yi masa aiki bana ba. Ta bayyana mini cewa izinin wannan sana'a daga gwamnatin tarayya yake fitowa, kuma mai fili da mai inji ba su cika kuɓuta da cewa haya suka bayar ba, musamman in abinci suke sarrafawa a gefe.

Mutanen suka zo, masu ladabi, da lemo a leda. Na yi musu tambayoyi a gaban kowa. Lasisinku da sunan wa yake? Babbansu ya ce na wani Alhaji ne, za a kawo. Da ruwa za ku niƙa ko a bushe? Ya ce ruwa yana cin lokaci. Ƙurar ina za ta tafi? Ya dubi katangar, na dube ta ni ma. Iyakarta kafaɗar mutum, kuma a wannan gefen nata ne mata ke shanya hatsinsu kafin layi ya zo kansu.

Yaya Asabe, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nawa mata, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta ce, "Lawali, jikokina garin injin nan suke sha a kunu." Aka yi ƙuri'a, uku suka ƙi. Mutanen suka tafi ba tare da rigima ba, kuma lasisin da aka ce za a kawo ba mu taɓa ganinsa ba.

Yaya Lawali ya ce na kunyata shi a gaban baƙi, kuma gaskiyarsa ne. Ya yi watanni yana gaishe ni da kai kawai. Har yau in dizal ya yi tsada yakan ce, "Da yanzu filin baya yana biya mana." Wannan ma gaskiya ne, ba na musu da shi.

Abin da na fahimta a kujerar nan shi ne, Tunkiya ba mugunta ta yi ba, kuma kirkinta bai cece ta ba. Wanda aka ba amanar kamfani, ko da na injin niƙa ne a bayan kasuwa, aikinsa ya haɗa da sauraron shelar da yake ganin ba tasa ba ce, da yin tambayar da za ta ɓata wa mai kawo alheri rai, tun kafin kaya su bar hannunsa. Shi ya sa duk bayan 'yan watanni nake komawa wurin lauyar nan in ji abin da ya canza, ko da babu wata matsala a gabanmu. Kuma shi ya sa ba na barin a sassauta ƙa'idar zaman mu huɗu, ko a kaina.

Filin baya yanzu shanya ake yi a cikinsa. Da hantsi yaran da suka rako iyayensu niƙa sukan fito daga ɗakin inji fari fat, gashi da gira duk ƙura, suna tari suna dariya. Nakan tsaya in dube su hankalina kwance, domin na san garin hatsi ne.