Sallar da yarinya ta durƙusa a gaban Yaya

Cikin duk Sallolin da na yi a Kuala Lumpur, akwai ɗaya da har in mutu ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ƙaramar Sallar da ta same mu a kulle lokacin korona.

Ina karatun digiri na biyu a lokacin, ina zaune wajen Yayata da mijinta a wani bene a unguwar Cheras. Mijin malamin jami'a ne, Malam muke ce masa. Wata huɗu kafin azumi suka ɗauki riƙon 'yar ƙanensa, yarinya mai shekara takwas. Ubanta ya daɗe da rasuwa, uwarta kuma, 'yar Malesiya, cutar ce ta ɗauke ta. Yarinyar ba ta kuka, ba ta ɓarna, sai dai komai da izini take yi, ko ruwa za ta sha sai ta tambaya. Wannan ya fi komai damun Yaya. Takan ce, "Yaushe 'yar nan za ta daina zaman baƙunta a gidan nan?"

Duk mun gaji. Ga azumi, ga darasi ta kwamfuta, ga bango huɗu da ba a fita daga cikinsu. Duk da haka Yaya ta ce sai an yi wa yarinyar Sallah irin ta gida da irin ta uwarta. Ni aka ɗora wa bincike, tunda ni ce mai karance-karance. Na cika shafi uku da bayani, har da yadda ake saƙa ganyen ketupat, wato dunƙulen shinkafar da suke ci ranar idi. Yaya ta duba shafin abinci kawai, ta ce sauran sai ta huta.

Ranar Sallah a falo muka yi idi, Malam ya ja mu. Yaya ta kwana biyu tana fama da waina da miyar taushe, ƙafafunta duk sun kumbura. Tana zama a kujera sai yarinyar ta taso a hankali, ta durƙusa a gabanta, ta kama hannunta da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai. Ta ce, "Anti, ki yafe min."

Yaya ta zare hannunta. "Me kika fasa? Faɗa min, ba zan dake ki ba."

Malam ya yi dariya ya ce, "Ko dai waina aka ɗana kafin a sauko daga idi?"

"Tashi, tashi, kar ki ɓata kayan Sallarki," in ji Yaya.

Yarinyar ta miƙe, ta shige ɗaki, ta rufe ƙofa.

Ni kuwa na san abin da ya faru. Yana shafi na uku. A al'adar 'yan Malesiya, da safiyar Sallah 'ya'ya kan durƙusa su nemi gafarar iyayensu, ko da laifi ko babu. Uwarta ta saba yi wa, kuma yau ta zaɓi Yaya. Na sani tun tana durƙushe, amma kunyar gyara wa Yaya magana a gaban mijinta ta riƙe min baki. Har yau in na tuna shirun nan sai in ji nauyi.

Sai da Yaya ta shiga kicin na bi ta, na yi mata bayani ina kallon ƙasa. Ta ajiye ludayi. "Auta, kina gani kika yi shiru?"

Ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar, ba a buɗe ba. Ta sake, shiru. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta ce, "'Yata, ban sani ba ne. A garinmu ba a koya min ba. Ke ki yafe min."

Mun fi rabin awa a haka, waina tana hucewa. Can ƙofar ta buɗe kaɗan. Yarinyar ta leƙo, idanunta jawur, ta dubi Yaya a ƙasa, ta ɗaure fuska.

"Ba haka ba ne, Anti. Ke kujera, ni ƙasa."

Ta kama hannun Yaya ta ja ta zuwa falo, ta zaunar da ita, ta gyara mata zama kamar ita ce babba. Sannan ta durƙusa ta sake daga farko. Wannan karon Yaya ba ta zare hannu ba. Ta ɗora ɗayan a kanta, ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka."

Ranar na gane cewa wanda ya ɗauki riƙon yaro, ya ɗauko har da abin da aka koya masa a gidansu na farko. Na kuma gane cewa abin da na sani, in na bar shi a takarda saboda kunya, wani ne zai sha wahalarsa.