Shanun da Bello Yake Kira a Bakin Ruwa

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Bello, wanda ya yi wa jiharmu iyo a zamanin mulkin farar hula na biyu. Waɗanda suka san shi suna tuna faɗin kafaɗarsa. Ni abin da nake tunawa shi ne yadda yake amai a bayan ɗakin sauya kaya duk ranar gasa.

A wajen Dandin Mahe muka tashi, muna kiwo. Da damina Bello ne ke ƙetarar da shanunmu fadama idan ta cika, yana iyo a tsakiyarsu yana kiran kowace da sunanta. A nan wani malamin wasanni ya gan shi, ya kai shi birni, aka ba shi aiki da sharaɗin ya riƙa shiga gasa. A lokacin har ya yi aure.

Mutumin da ba ya tsoron ambaliya, sai ga shi yana rawar jiki a gaban kududdufin siminti! Ba ruwan ne ke kayar masa da gaba ba. Shirun nan ne da ake yi kafin a busa usur, kowa ya zuba maka ido, an ja igiya dama da hagu. Ya taɓa ce mini, "Yaya, in sunka yi tsit ɗin nan, ji nikai kamar an rufe ni cikin rumbu."

Da kansa ya samo dabara. Idan ya hau bakin ruwa sai ya runtse ido, ya riƙa kiran shanunmu ƙasa-ƙasa bi da bi, yadda suke shiga fadama: Kyalla, Farar Ƙafa, Gajere, Mai Karyayyen Ƙaho. Kowane suna da numfashi guda. Kafin ya kai ta ƙarshe, ƙirjinsa ya lafa. Yau jikata tana nuna mini a waya yadda masana ke koya wa 'yan wasa jan numfashi. Da Bello na nan, dariya zai yi ya tambaya ko su ma suna da shanu.

Sai ciwon bushiya ya shigo, ya share garkenmu kaf. A birni kuma ana ta rage ma'aikata, masara ta yi tsada, gidanmu na Dandin Mahe duka albashinsa muke ci. Ya so ya bar iyo, wallahi ya so. To ya koma ina? An faɗa masa ƙarara: in bai zo da komai ba a gasar shekarar, aiki ya ƙare.

Na bi shi wannan gasa. Da safe na same shi zaune, ya kasa karyawa. Ya ce, "Yaya, mi zan kira yau? Duk sun mutu."

Da ya hau, na ga leɓensa ba ya motsi. Aka yi tsit. Ban san sanda na miƙe na ƙwala irin kiran da muke yi wa garke da yamma ba. Mutane suka juyo, wani jami'i ya daka mini tsawa. Amma na ga kafaɗar Bello ta sauka. Aka busa, ya faɗa ruwa, ya zo na uku.

Na ruga ina murna, aiki ya tsira. Shi ko yana zaune ruwa na ɗiga daga gemunsa, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ke nan baɗi ma sai na dawo."

Ya kuma dawo, shekara bayan shekara, har 'ya'yanmu suka yi karatu. Lambobinsa sun yi tsatsa, ban ma san inda wasu suke ba. Abin da ya saura gare ni shi ne nauyin abin: mun ci, mun sha, da tsoron mutum ɗaya. Ranar da za a yi mini aikin ido bara, ina kwance cike da tsoro, na ji bakina yana cewa Kyalla, Farar Ƙafa, Gajere. Allah ya jiƙanka, Bello, ya ba ka hutun da mu ba mu ba ka ba.