Shekarar da Rumbunmu Ya Rushe

A daminar da aka ba mu 'yancin kai, ruwan sama ya kwantar da rumbunmu na laka. Mutanen Tambuwal suna ta zancen sabuwar tuta, mu kuwa a gidanmu zancen inda za mu zuba gero ake yi. Ga shi ya fara nuna a gona, ga karkare ya kama babana a yatsa, hannun ya kumbura sumtum. Idan babu rumbu, gara da ɓeraye ne za su raba abincinmu na shekara.

Bayan Baba, ni kaɗai ne namiji babba a gidan, kuma ban taɓa gina ko murhu ba. Abin da na iya a duniya shi ne karatun boko da cin tuwo.

Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa. Daga nan ya gina rumbun da bakinsa, ni na ba shi aron hannu. Na haƙo jar ƙasa, na yayyanka busasshiyar ciyawa na zuba, na yi ta tattakawa har cinyoyina suka yi tsami. Muka bar ta ta ruɓa, tana wari. Sannan muka jera duwatsu don kada gindin ya taɓa ƙasa. Kullum zagaye kaɗan zan ɗora, sai ya bushe a ƙara. Wannan jiran ya fi aikin cin raina.

"Sirance shi!" in ji Baba. "Rumbu kaka gini, ba ganuwa ba."

Ana cikin haka kawuna, ƙanin Inna, ya iso daga Kebbe a kan jaki. Ya zagaya ginin yana taunar goro, ya ce, "Ɗan boko, wanga rumbu na, ko tulu na da yas sha kashi?"

Gaskiyarsa, ya ɗan karkata wajen gabas. Na ji haushi ƙwarai, amma da na ga Inna tana dariya har da riƙe ciki, ni ma sai na fashe.

A hankali hannuna ya fara gane laka. Tun kafin Baba ya yi magana nakan ji inda ta yi ruwa da inda take neman tsagewa. Daɗin da na ji a kwanakin nan, har yau ban manta shi ba.

Ranar da aka kwaso dammunan gero, Baba ya tashi ya bi jikin rumbun yana ƙwanƙwasawa da lafiyayyen hannunsa, kunnensa a manne da bango. Ya daɗe, har na fara jin kunyar da zan sha.

Sai ya ce, "Ku zuba."

Ya juya wajen Inna, murya ƙasa-ƙasa, yana tsammanin ba na ji. "To, ke kwantar da hankalinki. Ko ba ni nan, gidanga ba ya kwana da yunwa."