Alamar Babin Ƙarshe

A wurin aiki Mai Alama ake ce mata, a gida kuwa Yaya. Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon gyaran waya, da tebura uku da fanka mai kuka kamar an taka wutsiyar mage. Daga nan ake tafiyar da wani shafin labarai na intanet, inda duk mai waya da haƙuri zai iya rubuta labarinsa babi-babi ya ɗora, jama'a su bi shi suna karantawa.

Kowane babi yana fita ne da alamomi a goshinsa, 'yan kalmomin da ke gaya wa mai karatu abin da zai tarar a ciki: soyayya, ban dariya, ban tsoro, rikicin gado. Marubuci ne ke zaɓa, ita kuma ta duba ta gyara, domin marubuta ba su da amana a wannan fanni. Wani zai sa "ban tsoro" alhali kwano ne kawai ya faɗi a kicin. Wata za ta kashe jarumi a tsakiyar labari ta sa "ban dariya" don kada masu karatu su watse. Duk wannan takan gyara ba tare da faɗa ba. Abu ɗaya ne ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kansa: idan da mutuwa a babi, sai an sa alamarta.

"Ba a kai mutum gidan makoki a ce masa biki ne," in ji ta.

Akwai wani tsari a shafin da ya kamata a sani. Marubuci yana iya rubuta babi ya ajiye, ya sa masa ranar fita. Irin wannan babi a kulle yake, ko manaja ba ya iya buɗe shi sai ranar ta zo. Alamominsa kaɗai ke bayyana a allon Mai Alama, mako guda kafin ya fita.

Ƙanwarta, wadda duk gidan ke kira Auta, tana cikin marubutan shafin. Labarinta a kan wata tsohuwa mai ɗinki ne da 'ya'yanta mata biyu, kuma ba sai an yi duba ba kafin a gane gidansu ta kwashe ta zuba a ciki, har da keken ɗinkin mahaifiyarsu Inna da ke jingine a gindin taga. Da ciwo ya kwantar da Auta a asibiti ba ta ajiye waya ba. Ana ƙara mata ruwa a hannu ɗaya, tana rubutu da ɗayan. Ta rasu kafin damina ta ɗauke.

Ranar Alhamis da ta biyo baya, da hantsi, masu gaisuwa na cike da falo, wayar Yaya ta yi ƙara. Ta duba. Auta ta ɗora sabon babi.

Ta san bayanin abin sarai, ai aikinta ne. Duk da haka sai da ta fita tsakar gida ta dafa bango.

Sabon babi ya ci gaba da fitowa duk Alhamis. Masu karatun da ba su ji labari ba suna rubutawa a ƙasa, "Allah ya ƙara basira, kada ki daɗe mana." Inna kuwa, da yake idonta ya yi rauni, sai ta mai da abin al'ada. Da ta sha shayi za ta gyara zama a bakin gado ta ce, "Yaya, Auta ta zo?" Yaya ta jawo kujera ta karanta mata.

A wani babi igiyar keken tsohuwar ta tsinke. Kafin mako ya zagayo, Inna ta taka kekenta don ta kama bakin wani zane, igiya ta tsinke. Yaya ta ce ai igiyar ta daɗe tana neman hutu, kuma Auta ta san da haka. A wani babin agogon bango ya tsaya. Nasu ma ya tsaya, ta ce batir ne, ta sauya. Sai babin da maƙwabciya ta ari babban almakashi ta ƙi dawo da shi. Yaya na rufe baki daga karatun aka yi sallama a ƙofa. Maƙwabciyarsu ce, wai a ara mata almakashi.

Inna ta yi dariya har da tafa hannu. "Ba ta, ba ta. Ai an riga an rubuta ba zai dawo ba."

Yaya ba ta yi dariya ba.

Wata Alhamis bayan ta koma ofis, alamomin babi na gaba suka bayyana a allonta. Uku ne. Iyali. Babin ƙarshe. Mutuwar uwa.

Mai Gyara, abokin aikinta da ke tebur na kusa yana farautar kurakuran rubutu, ya ga ta ƙura wa allo ido ya leƙo. Mutum ne da ko a jana'iza sai ya sami abin tsokana, amma ranar sai da ya cire tabarau ya goge.

"Hajjaju, labari ne fa. Ni nan na ga an kashe uwaye sun fi gashin kaina, kuma tawa tana gida tana zagina lafiya lau."

"Kanka ai babu gashi."

"To kin ga ma ba su da yawa. Cire alamar mana in tana ɗaga miki hankali. Wa zai kama ki? Ke ce hukumar."

Ta cire. Danna abu ɗaya ne, kalmomin suka ɓace. Ta ji sanyi a ranta har zuwa lokacin tashi, kamar ta kawar da wani abu daga hanya.

A gida ta tarar da Inna tana laluben zare a cikin gwangwani. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayan wuyanta, yadda ya rame. Babin yana nan a kulle, ko harafi ɗaya bai canja ba. Abin da ta cire gargaɗin ne kawai, kuma mai karatun da ta fi kowa bukatarsa ga ta nan zaune tana neman baƙin zare. Washegari ta mai da alamar inda take. Mai Gyara ya gani, ya ci gaba da aikinsa.

Sai ranar Laraba ta iya buɗe baki. Tana shafa wa Inna man zafi a gwiwa ta ce, "Inna, babin gobe shi ne na ƙarshe. Kuma akwai alama a kansa. Tsohuwar za ta rasu."

"Na sani."

Hannun Yaya ya tsaya.

"Shafa mana, kin tsaya kamar an dasa ki. Ai tare muka yi shi. A asibiti, ranar da kika tafi karɓo magani. Ta ce, Inna, ban san yadda zan kashe tsohuwar nan ba, ke yaya kike so? Na ce ja'ira, ni za ki tambaya? Ta ce to wa zan tambaya, ni da ba zan gani ba. Sai na gaya mata."

"Me kika gaya mata?"

"Gobe kya ji. Ke da ba kya son a ɓata wa mai karatu labari."

Da hantsin Alhamis wayar ta yi ƙara. Inna ta sha shayinta ta ajiye kofi, ta sa aka ɗauko mata farin mayafinta, ta jingina da filo maimakon zaman bakin gado. Yaya ta fara karatu. A cikin babin ma hantsi ne. Tsohuwar ta sha shayi ta ajiye kofi. Ta yafa farin mayafi ta jingina da filo. Babbar 'yarta na zaune a kujera tana yi mata karatu, taga a rufe, ɗakin shiru. Yaya ba ta tsallake layi ko ɗaya ba. Tsohuwar ta lumshe ido, 'yar ta ci gaba da karatu ba ta lura ba, har ta kai ƙarshe.

Yaya ta kai ƙarshe. Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta iya ɗaga kai.

Idon Inna a rufe yake. Mayafin ba ya motsi, ko kuwa ita ce ba ta ga motsinsa ba.

"Inna."

Shiru.

"Inna!"

"Kada ki fasa min kunne." Inna ta buɗe ido ɗaya. "Yarinyar nan har ta tafi ba ta iya sauraro ba. Ca na yi mata taga a buɗe, ina jin iska a fuskata. Ta je ta rubuta a rufe." Ta gyara mayafi ta sake lumshe ido. "Tashi ki buɗe min tagar nan, Yaya."

Yaya ba ta tashi ba. Ta ce hayaƙin motoci ya yi yawa a titi.

Har yanzu tana zuwa aiki, tana cire "ban tsoro" daga labaran da ba su tsorata kowa ba. Labarin Auta yana nan da alamominsa uku, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Almakashin bai dawo ba. Inna na nan da ranta, tana cin abincinta, kuma duk hantsi bayan shayi takan jingina da filo ta nemi a buɗe taga. Wani lokaci Yaya ta ce hayaƙi, wani lokaci ta ce sauro. Da zafi ya matsa sai ta sayo sabuwar fanka, ta kuma kira kafinta. Ya tambaye ta ko sakatar tagar ce ta lalace ya gyara. Ta ce a'a, ƙusa take so ya buga.