Ranar da na saki igiyar abokina

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a shagon kawuna a unguwar Misfala ta Makka, na taɓa sakin igiyar da ran mutum ke rataye a jikinta. Na daɗe ban ba da labarin nan ba, don ni ne mai laifi a cikinsa.

Karatuna ba mai zurfi ba ne. Na yi allo da Islamiyya a Kano, sakandare kuwa da ƙyar na ƙarasa. Amma da na zo Makka na soma zama a karatun wani malami ɗan ƙasarmu bayan la'asar, sai na fara jin kaina kamar wani abu. Malamin yana da ɗalibai masu aikin sa kai. Ba a biyan kowa. Mutum zai nemi inda samarin Hausawa haihuwar Makka ke taruwa, ya zauna da su, ya ja su a jiki, in dama ta samu ya tunatar da su. Wani ya zaɓi 'yan ƙwallo, wani ya zaɓi masu shaguna. Ni na ce masu hawan dutse zan je wa.

Na san su ne ta hanyar abokina, wani direban bas a unguwar Kudai. Duk wandon da ya kawo mini gyara gwiwarsa a yage take. Rannan na tambaye shi ko rarrafe yake yi a wurin aiki, ya yi dariya ya nuna mini hotonsa manne a jikin dutse kamar ƙadangare. A raina na ce ga mutanen da ke jefa kansu cikin halaka, ga kuma ni da Allah ya aiko musu.

Da na gaya wa malam, sai ya ce, "Ka tafi da kunnenka, ka bar bakin a shago tukuna. In sun ba ka wani aiki, ka riƙe shi amana. Shi ne wa'azinka na farko." Na ce to. A zuciyata kuwa cewa nake malam bai san irin bakin da Allah ya hore mini ba.

Ranar Asabar suke fita a lokacin sanyi, bayan asuba, su nufi duwatsun hanyar Ɗa'ifa. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana hawa, yana saƙala igiya a zobban ƙarfe da aka kafa a jikin dutsen. Ɗayan yana tsaye a ƙasa, igiyar ta bi ta cikin wani ƙarfe da ke ɗamarar ƙugunsa, yana sakar wa na sama kaɗan-kaɗan. In na sama ya zame, hannun na ƙasa ne ke tsayar da shi. Babbansu, wani dattijo da kowa ke ce wa Ammu, shi ya koya mini. Ya ce dokar ba ta da yawa: hannun dama ba ya barin igiya, ido ba ya barin na sama, baki ba ya amsa wa kowa sai shi.

"Ko biri ya zo ya ɗauke maka burodi a gabanka," in ji shi, "ka bar masa. Fahimt, ya Malam?"

Na ce na fahimta.

Hawana na farko abin kunya ne. Ban wuce tsawon mutum biyu ba ƙafata ta kama rawa kamar ina taka keken ɗinki. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Abokina yana ƙasa yana cewa, "Ya Malam, ai ko katangar gidanmu ta fi nan tsawo. Ina tawakkalin?" Daga ranar na ce ni riƙon igiya ya fi dacewa da ni. Suka ɗauka tsoro ne, kuma akwai tsoron. Amma akwai wani dalili da ban faɗa ba: a ƙasa ake zama, a ƙasa ake shan shayi da na'ana'a, a ƙasa masu sauraro suke.

Sai dai ban sami abin da na zo nema ba. Azahar na yi, Ammu ke fara kwance ɗamara, a yi alwala da ruwan jarka, a yi sahu a kan tsakuwa. Na zo da wa'azin salla na tarar ana salla. Mutum ɗaya ne ba ya tashi, wani dogo mai gyaran lif, na'urar hawa bene, a otal-otal, ba ya yawan magana. In an tayar da iƙama sai ya zagaya bayan mota ya kunna sigari. Ba mai ce masa komai. Ni kuwa na sa masa ido kamar mafarauci. Wata huɗu ina zagaye shi, shi kuma yana zame mini.

Ranar da abin ya faru, abokina ne ke hawa, ni ke riƙe da shi. Mun duba ƙullin juna yadda aka saba, ya ja nawa na ja nasa, ya ce bismilla ya kama dutse. Ya kai wajen zobe na huɗu sai na ji mutum a gefena. Dogon nan ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, in tambaye ka. Mutumin da ya yi shekaru bai kai goshinsa ƙasa ba, in ya dawo, ana karɓarsa?"

Amsar da ta kamata ita ce shiru, ko in ce ya jira abokina ya sauko. Minti goma ne kawai. Amma wata huɗu nake jiran tambayar nan. Na juya gaba ɗaya na fuskance shi. Na jawo aya, na jawo hadisi, daɗin muryata ya kwashe ni. Ni kuma ba na iya magana sai da hannu. Ban san lokacin da hannun dama ya bar igiya ya tashi sama yana nuni ba.

Ƙarar igiya na fara ji tana gudu ta cikin ƙarfen. Na cafke ta, ta ci tafin hannuna kamar wuta, na dai riƙe. Ta tsaya, amma bayan abokina ya faɗo nisan da bai kamata ba, ƙafarsa ta bugi wani tudu a jikin dutsen. Da muka sauko da shi, idon sawunsa ya juya inda bai kamata ya kalla ba.

A asibiti Ammu ya tambaye ni abin da ya faru. A nan na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko muni, don wannan da saninsa na yi. Na ce igiyar sabuwa ce, tana da santsi, ta zame mini. Na nuna masa tafin hannuna da ya saɓule. Ammu ya dubi hannun ya girgiza kai, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Dogon nan yana jingine da bango yana jina. Ya dube ni sau ɗaya, ya fita.

Aka sa wa abokina ƙarfe a ƙafa, aka ce wata uku ba tuƙi. Na riƙa zuwa gidansu a Kudai duba shi, a nan kuma azabata take. Mahaifiyarsa, wata tsohuwa da aka zo da ita Makka tana goye, ta ɗauke ni kamar ɗanta. Duk zuwan da na yi sai ta kama hannuna ta shafa masa zuma, ta naɗe da kanta. In maƙwabta suka shigo sai ta ɗaga shi ta ce, "Ku ga hannun da ya tare mini ɗa. Allah ya haramta shi ga wuta." Su ce amin, ni ma in ce amin.

Mako uku ina haka. Na daina zuwa karatu, don na kasa haɗa ido da malam. In na tayar da salla, da na ɗaga hannu sai in ga bandejin.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je gidan. Hajiya, mahaifiyar tasa, ta kawo zumarta ta ce in miƙo hannu. Na ɓoye shi a bayana. Na ce, "Umma, ki bari. Hannun nan bai cancanta ba." Na faɗi komai, ina kallon darduma. Na ce igiya ba ta da laifi, ni na sake ta ina wa'azi. Na ce kuma tun farko ba son dutse ya kai ni wurinsu ba, zuwa na yi in gyara su.

Abokina yana kwance, ƙafa a kan matashi. Can ya ce, "Ya Malam, ai na sani."

Na ɗago kai.

"Ina sama ina jin ka. Muryarka har Ɗa'ifa ake jin ta. Na leƙo na ga yatsanka a sama, na ce yau na shiga uku, hadisin nan dogo ne." Ya ɗan yi murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Karaya ba komai ba ce, wallahi. Kowa na kuskure. Abin da ya ci mini rai, kullum ka zo ka zauna a nan uwata tana yi maka addu'a, kai kuma kana amin. Na ce bari in ga kwana nawa za ka iya."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Ni na saki igiyar?"

Hajiya ta daɗe tana juya cokali a cikin zumar. Sannan ta ce, "Miƙo hannun." Na ce Umma ai kin ji abin da na yi. Ta ce, "Na ji. Hannun da ya saki shi ne dai ya kama. Na sakin, ku ƙarata da Ubangijinka da wannan da ke kwance. Ni na kamun nake yi wa magani." Ta shafa, amma ranar ta ɗaure bandejin da ƙarfin da sai da na cije leɓe.

Washegari na sami Ammu na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce a wurinsu wanda ya saki igiya ba a korarsa, amma ba ya sake riƙe kowa sai ranar da wanda ya faɗo ya miƙa masa igiya da hannunsa. In bai miƙa ba har abada, shi ke nan. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka sa na jefar da igiya sabuwa fil, ya shehu. Wannan ma ka nemi gafararta."

Na ci gaba da bin su. Aikina ya koma ɗaukar jarka, naɗe igiyoyi, da korar birai daga kayan karin kumallo. Bakina kuwa na bar shi a shago, yadda malam ya ce tun farko. A cikin shirun nan ne na fara ganin abin da na kasa gani. Na ga yadda mutum ke duba ƙullin ɗan'uwansa ko da sun yi faɗa a mota. Na ga Ammu, duk ranar da dogon nan ya zagaya bayan mota, yana shimfiɗa darduma ɗaya fiye da adadinmu, ya naɗe ta bayan salla bai ce komai ba. Ashe shekara biyu yana haka.

Na nemi dogon na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ni ma na san doka, ni na yi maka magana. Halas, ya wuce." Bai sake yi mini tambayar ba, ni ma ban tayar da ita ba. Na ji tsoron na rufe masa ƙofa da ƙaryata. Wata rana dai, can wajen ƙarshen sanyi, na sallame na ga dardumar nan da mutum a kanta. Ba ni da rabo a wannan ladan, na Ammu ne.

Zafi ya shigo aka daina fita. Sai da wani sanyin ya zagayo abokina ya dawo dutse, yana ɗan ɗingishi. Fita uku Ammu ne ke riƙe shi, ni ina gefe da jarkata. A ta huɗu, yana ɗaura ɗamara, sai ya ɗauki bakin igiyar ya tako har inda nake ya sa mini a hannu.

"Yalla, ya Malam. Amma in wa'azi ya taso maka, ka ce in sauko tukuna."

Ya ja ƙullina na ja nasa. Ya kama dutse, ya wuce zobe na ɗaya, na biyu. Yana kaiwa na huɗu sai na ji muryar Ammu a kunnena: "Malam, ina da tambaya a kan gādo." Ban juya ba. Ya ce, "Gaggawa ce fa." Ban juya ba. Sauran suna ta ƙunshe dariya. Sai da ƙafafun abokina biyu suka taka ƙasa sannan na ce, "Ammu, gādo ya fi ƙarfina, a tambayi malamai." Ya buga kafaɗata ya ce yau na yi karatu.

Yanzu na dawo Kano, ina shagona. Tabon yana nan a tafin hannuna, fari, ya ratsa daga gindin ɗan ali zuwa babban yatsa. Ban daina tunatarwa ba in an tambaye ni abin da na sani, ba na kuma ganin laifin wanda ya bar garinsu don ya kira mutane zuwa ga alheri. Abin da na gane kawai shi ne, na je in ceci mutanen da suka riga ni sanin amana, kuma na kusa kashe wanda ya yarda da ni saboda ina son a ji ni. Har yau in magana ta fara yi mini daɗi a baki, sai in buɗe hannun in duba, in tambayi kaina wa na bari a rataye.

Abokina yakan kira ni in sun fita. Makon jiya ya ce ƙafar tana yi masa tsami in sanyi ya yi, kuma duk lokacin da ta motsa yana tuna rabin hadisin da ya ji daga sama. Ya ce in na koma Umra in zo in ƙarasa masa, amma a zaune.