Muryar Da Ba Ta Kira Sunana Ba

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, amma ban san fuskarsa ba. Ina goye aka ɗauke shi soja, zamanin babban yaƙin duniya, aka kawo su ƙasar Masar suna aikin dako da gyaran hanya. A nan zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah Ya yi masa cikawa. Bai bar hoto ba. Abin da mahaifiyata ta riƙe guda ne: wata rana da la'asar aka yi shela za a sa gaisuwar sojoji a akwatin rediyon da ke rataye a bakin kasuwa. Ta bi tsofaffin gidanmu, ta tsaya daga bayan katanga, ni ina bayanta, ta ji muryarsa. Da na girma na sha tambayar ta abin da ya faɗa. Sai ta kawar da kai ta ce, "Ya gaishe mu." Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara kalma a kan haka ba.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, aikin fassara ya zaunar da ni, har furfura ta riske ni a unguwar Hay el-Sabi'. Ranar da na ji cewa a kan faifai ake ɗaukar irin waccan gaisuwa kafin a watsa ta, ranar na shiga neman tsofaffin faya-fayen rediyon soja. Na tara kaɗe-kaɗen badujala, da busar bigila ta tada bariki, da sanarwa cikin Turanci da Larabci, har da wasu harsunan da ban sani ba. Manya ne, faɗinsu ya kai tiren abinci, ba kowane garmaho ke ɗaukarsu ba. A tsaye nake jera su nesa da taga, domin ranar wannan birni tana lanƙwasa faifai cikin yini guda. Baƙi kan ɗauka sha'awar kiɗan soja nake yi. Ni kuwa murya ɗaya nake bida.

Akwai wani tsohon Bamasare mai kantin faya-faye a wani lungu na tsakiyar gari, wanda muka tsufa tare a kan wannan nema. Da ya hango ni sai ya ɗaga hannu.

"Ya hajji! Yau ma mahaifin ka zo nema? Ma'alish, yi haƙuri, bai iso ba tukuna. Zauna ka sha shayi, ko bigila zan busa maka?"

"Busa wa kanka," in ce masa, "kai ne kullum kake gyangyaɗi a kan kaya."

Wata safiya ya kira ni a waya, muryarsa ba wasa a ciki. Magada sun kwashe kayan wani gida a unguwar Zamalek, gidan wani tsohon ma'aikacin rediyo, cikin tarkacen da ya saya kuwa akwai faifai guda da aka rubuta wa "Hausa" da fensir. Na sa babbar rigata na tafi kantin, kamar mai zuwa gaida manya.

Faifan ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin fenti, fentin ya fara ɓarewa daga gefe. Mai kanti ya gargaɗe ni cewa irin wannan ba ya jure allura, duk sawa tana cin wani abu daga jikinsa. Ya rufe ƙofa saboda hayaniyar titi, ya ɗora allura a hankali. Aka yi ta shuu kamar ruwan sama a kan rufin kwano, sa'an nan wani mutum ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gida."

Hausar garinmu ce tsantsa, irin ta kakannina. Ashe duk rukunin daga yankinmu aka ɗebo su. Sunayensu ba sa cikin faifan, domin mai gabatarwa ne kan kira su da bakinsa a lokacin watsawa. Muryoyi ne kawai, wannan ya gama wancan ya karɓa. Wani ya tambayi damina. Wani ya ce a gaya wa tsohuwarsa sanyin ƙasar nan ba irin namu ba ne. Can sai wani mai kakkausar murya ya gaida iyalinsa, ya ambaci sunan ɗansa ƙarara, sunan kuwa nawa ne.

Mai kanti ba ya jin Hausa, amma ya san sunana. Ya ɗaga allura, ya rungume ni, idanunsa sun cika.

"Khalas, shi ke nan, ya hajji! Ga shi nan, ya kira ka! Wallahi da kunnena na ji."

"Ba shi ba ne," na ce.

"Kamar yaya ba shi ba ne? Sunanka fa!"

"Ni ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ko a cikin ɗaki, balle a gaban kasuwa. Wannan bawan Allah wani ƙaramin ɗansa yake gaisarwa."

Ya dube ni kamar wanda ya ga mutum ya tsinci dukiya ya ajiye ta a hanya. Ya ce in ɗauka haka mana, wa zai ƙaryata ni? Na san tausayi ne ya sa shi faɗar haka. Amma da na karɓa, da na mai da mahaifina mutumin da bai san kunya ba, alhali mahaifiyata ta rayu ta mutu ba ta taɓa furta sunansa ba. Na ce ya mayar da allura.

Kusa da ƙarshen faifan mutum biyu suka yi magana a jere. Na farko ya gaida dattawa, sa'an nan ya ce, "A gaida mutanen ɗaki, da yaron." Na biyu muryarsa ƙasa-ƙasa, ya gaida liman da maƙwabta, har kamar ya gama, sai ya ƙara da sauri, "Yaron nan kuma, Allah Ya raya." Daga nan allura ta shiga inda fenti ya ɓare.

Ɗayansu zai iya zama mahaifina. Zai yiwu kuma ba ya cikin wannan faifai sam. Wadda za ta raba mini gardama tana kwance a maƙabartar garinmu, ko da tana raye ma na san kai za ta kawar.

Na sayi faifan na kawo gida. An kwafe mini muryoyin a waya domin ya huta, yana nan tsaye a gaban sauran faya-fayen. Bayan la'asar nakan zauna kusa da taga in saurari mutanen nan biyu, shekarunsu duka a lokacin ba su kai na jikokina ba. In na farko ya yi gaisuwa, sai in ce ina amsawa. In na biyu ya yi addu'arsa, sai in ce, "Amin, Baba. Ai Ya raya ni."