Rumman Biyu Daga Sabuwa

Mun tashi da asuba, ni da ƙanena, amma tashin na shiri ne kawai. A Kankara yanzu ba mai barin gari sai rana ta ɗaga, an ga motar farko ta shigo lafiya. Muka zauna a bakin gari muna shan koko da ƙosai, hankalina kuwa yana gida wurin Baba.

Zazzaɓin taifot ne ya kwantar da shi. An sallamo shi daga asibiti, zazzaɓin ya sauka, amma bakinsa ya mutu. Kunu ɗaci, tuwo ɗaci, har zuma ɗaci. Likita ya ce in bai ci abinci ba maganin ba zai riƙe shi ba, mu kuma muna kallonsa yana ƙarewa a cikin riga. Abu ɗaya ya taɓa ambata da bakinsa: rumman.

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san Baba da rumman. Da muna da bishiyarsa a bayan ɗakin Inna kafin gara ta cinye ta. In ya nuna, Baba zai shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, ya fasa, ya ci ƙwaya bayan ƙwaya, ko ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa. Ya ji daga manya cewa a cikin kowane rumman akwai ƙwaya guda ta Aljanna, ba wanda ya san wacce ce. Saboda haka yakan ba ka guda sukutum, amma wanda ya riga ya fasa ba ya raba shi da kowa. Inna ta sha yi masa tsiya cewa tun da aka kawo ta gidan bai taɓa ɗanɗana mata ko ƙwaya ɗaya daga nasa ba.

Hanya ta buɗe, ƙanena ya tayar da motarsa, muka bi ta wajen Pauwa. Kaka ta kama. Dawa ta sunkuyar da kai, an tsaga masara an baje a gefen titi, hayaƙin gashinta yana bin iska. Wasu gonakin kuwa ciyawa ce ta kai ƙirji, masu su sun yi hijira. A kowane shinge sai 'yan sa-kai su leƙo su tambayi inda za mu. Ƙanena ya gaji da bayani, ya koma cewa asibiti za mu, don ya lura in ya ce rumman muke nema sai a dube mu kamar masu taɓin hankali.

A kasuwar Yankara muka fara tsayawa. Akwai lemo, akwai gwaiba, ga kankana tuli guda, kuɗinsu kuma sai ka ce daga Makka aka ɗauko su. Rumman babu. Aka nuna mana rumfar wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe da saiwoyi. Ta zaro wani ƙulli ta kwance, sai ga busasshen ɓawonsa, ja-ja, ya murɗe kamar tsohuwar fata.

"Ɗanyen ya yi wuya, ɗiyata," in ji ta. "Amma wannan ma magani ne. A dafa shi a sha don gudawa. Mai ciwon maƙogwaro shi kurkura da ruwan, mai jinin dasashi ma haka. Ƙwayar kuwa ta mai jinya ce, tana buɗe baki, tana maido da ƙarhi."

Na sayi ɗan kaɗan don kada in bar ta haka. Na shinshina, sai ga ƙamshin bayan ɗakin Inna, da inuwar la'asar, da ni ina yarinya ina jiran wata ƙwaya ta suɓuce wa Baba. Ba ta taɓa suɓucewa ba.

A Faskari aka kwatanta mana wani gida mai bishiyar. Muka same ta kuwa, ta leƙo ta kan katanga da jajayen furanni, amma 'ya'yan duk kore ne, ba su fi ƙwan zabo ba. Matar gidan ta ba mu fura mai sanyi, ta ce mu dawo bayan wata biyu. Na yi mata godiya, a raina ina cewa Baba ba shi da wata biyun nan. A nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Saura wuri ɗaya. Shekarun baya wani aminin Baba, Alhaji, ya yanki reshe daga bishiyarmu ya tafi da shi Sabuwa. Wayarsa ta daɗe ba ta shiga, ba mu ma san ko reshen ya kama ba. Muka ratsa Daudawa, auduga ta farfashe fari fat a gonaki, muka karkata kudu. Ƙasar ta canza, ta yi kore shar, ga rake a fadamu, ga shinkafa tana kaɗawa. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga kamar motar tana tafiya a cikin wani lambu marar iyaka, kowane reshe da jan ɗa a rataye. Wani rami ne ya tashe ni, kaina ya bugi gilashi.

Mun isa Sabuwa bayan azahar. Alhaji ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma da na faɗi sunan Baba sai ya riƙe hannun ƙanena ya daɗe bai saki ba. Ya sa aka kai mu bayan gida. Ga ta nan kusa da rijiya, 'yar bishiyarmu, ta fi uwarta tsayi. An naɗe wasu 'ya'ya biyu da tsummoki a rassanta saboda tsuntsaye.

"Su ke nan suka rage," in ji Alhaji. "Na aje su ban san ma wa ba. Ashe nashi ne. Ku ce mashi iccen shi na gaishe shi."

Ɗaya lafiyayye ne, ɗayan ya tsage don nuna, ƙwayoyin suna leƙowa jajaye. Yamma ta yi, ba a shiga hanya a irin wannan lokaci, sai muka kwana. Aka yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, na ci ina jin kunyar cin abinci alhali Baba bai ci ba.

Washegari na rungumo su a cinya kamar jarirai. Mun kusa gida ƙanena ya kauce wa akuya ya faɗa rami, tsagaggen ya yi tsalle ya dare biyu, ƙwayoyi suka watse a motar. Na sa ya tsaya. Mace da girmana na durƙusa ina laluben ƙarƙashin kujera, ina tsince su ɗaya ɗaya cikin gefen mayafina. Ƙanena yana dariya, amma na gan shi ya ɗaga tabarmar ƙafa yana dubawa shi ma.

Mun tarar da Baba a jingine da bango, Inna na yi masa fifita. Na ajiye lafiyayyen a gabansa, na kwance mayafi na gaya masa abin da ya faru da ɗayan. Ya daɗe yana juya shi a hannu, yana shafa ɗan kambin da ke kansa. Sannan ya ce a kawo masa farin ƙyallensa.

Ya shimfiɗa shi a cinya, ya fasa rumman ɗin. Ya sa ƙwaya ɗaya a baki, ya lumshe ido. Ya sa ta biyu, ya sa ta uku. Sai ya ɗauki rabin ya miƙa wa Inna.

"Malam, naka ne fa," in ji ta. "In ƙwayar Aljannar tana cikin wannan ɓarin fa?"

"Shi ya sa," ya ce. "Ci. In tana wajenki, kya ja ni mu shiga tare."

Inna ta karɓa, ta juya mana baya tana ci, kafaɗunta na motsi. Ni da ƙanena muka raba na cikin mayafin, har da ƙasa-ƙasan mota.

Da ya gama ya tattara ɓawon ya ce a shanya, kada a zubar. Can kuma ya tambaya ko akwai sauran kunu. Ya sha rabin kofi, aka ba shi maganinsa na asibiti a kai.

Ban san me ke cikin rumman da ke buɗe bakin mai jinya ba, wannan sai masana. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, reshen da ka ba wani ya tafi da shi bai bar gidanka ba. Alhaji ya yanko mana wani reshen daga bishiyarsa, na dasa shi a bayan ɗakin Inna. Yau da safe Baba ne ya fito da sandarsa da buta, ya ba shi ruwa.